Ruwan Da Wada Ya Ce Babu Shi

Akwai wani mai fentin mota a garin Isa, sunansa Wada. Hannunsa na da kyau, shi ma ya san da haka.

Shekara biyu ke nan damina ba ta yi ba. Gero ya ƙone a gona, mai mota kuma ba ya tunanin fenti. Sai ga ƙungiyar direbobi ta ce za a yi wa bas-bas ɗinta bakwai launi ɗaya. Aka fara ba Wada motar wani direba, Lawwali, a gwada shi. In ta yi kyau, sauran shidan nasa ne. Da aikin nan gidansa zai ci abinci har wata damina.

Injin iskar da Wada yake feshin fenti da shi yana da wani ɗan bawul a ƙarƙashin tankinsa. Lokaci-lokaci yakan buɗe da kansa, ya fesar da ruwan da ya taru, ya rufe. Wada yana ganin asarar iska ce da fetur, sai ya kwance shi ya toshe ramin da noti.

Maƙwabcinsa Malam Halliru, dattijo mai facin taya, ya gani.

"Wada, mis sa ka cire shi? Ruwa za ya taru ciki."

Wada ya yi dariya. "Baba, rijiya ta ƙafe, gulbi ya zama rairayi. Ruwa ga tankina kaɗai za ya sauka? In ya taru za ni kira ka, ka kai ma awakinka."

"Iska ko ta bushe tana da ɗan danshi," in ji Halliru. "In ka matse ta wuri guda ta huce, ruwa takan zama."

Wada ya ci gaba da aikinsa.

Sati uku ya yi yana gyaran jikin motar. Ranar feshi, ya gama gefe ɗaya lafiya. Yana cikin na biyu, bindigar feshin ta fara tari, tana tofo ɗigon ruwa ja. Kafin la'asar fentin ya yi ƙuraje ko'ina.

Lawwali ya zo ya shafa jikin motar, ya dubi tafinsa. "Wanga fenti ne ko ƙyanda?"

Wada ya ɗora laifin a kan mai sayar da fenti. Halliru ya taso. Ya kashe injin, ya bari iskar ta fita, ya tura bokiti ƙarƙashin tanki, ya kwance notin. Ruwan tsatsa ya yi ta zuba har ya kusa rabin bokitin. Direbobi suka tsaya suna kallo.

Ƙungiya ta kai sauran motocin wurin wani mai fenti a Sabon Birni.

Washegari Wada ya zauna yana kankare motar Lawwali shi kaɗai. Halliru ya jawo benci kusa, ya ɗauki takardar goge fenti.

Wada ya sunkuyar da kai. "Baba, na yi maka dariya."

"Ka yi. Bar man nan ƙasa, hannuna bai kai sama."

Darasi: Rashin ganin abu ba ya nufin babu shi. Ɓarna a hankali take taruwa, a inda ido ba ya kai, kuma wanda ya gargaɗe ka ba lallai ya fi ka ƙwarewa ba kafin ka saurare shi. Ku tura wa masu sana'ar da kuka sani.