Katakon Obed

A wani ƙauye da ke bayan Kuyello, a ƙasar Birnin Gwari, akwai wani manomin masara mai suna Abdulkahar. Allah ya yi masa albarkar gona, amma bai da linzami a baki. Mutum ne mai raina wahalar kowa. In ka yi masa alheri ya ce dama haƙƙinsa ne, in ka makara kuwa ka shiga uku. Irin butulcinsa ko a labari aka ji sai rai ya ɓaci.

Waɗanda suka fi shan bakinsa su ne Obed, direban motar ɗaukar marasa lafiya da ke zuwa daga cikin gari, da Sista Mercy, nas ɗin da ke tafiya tare da shi. Kowa ya san abin da suke ratsowa kafin su iso. Sai an hau tudu an samu sabis ɗin waya a kira su, sai sun jira jami'an tsaro sun ce hanya ta yi kyau, sannan su kutsa dajin da 'yan bindiga ke tare mutane. Har yau akwai hujin harsashi a gilashin motar, tun ranar da aka harbe abokin aikinsu Micah a kujerar da Mercy ke zama yanzu. Duk wannan bai dami Abdulkahar ba. "Motar gawa" yake kiranta, wai ba sa zuwa sai mutum ya gama shurawa.

A kan hanyar ƙauyen akwai wani kwari da ruwa ya ci hanya. Babur yana lallaɓawa ta gefe, mota kuwa ba dama. Saboda haka Obed ya samo dogayen katako biyu masu kauri, ya shafa musu jan fenti a baki, ya ajiye a gindin wata ɗorawa. In ya zo sai ya gitta su a kan kwarin ya haye a hankali. Ko matan da ke neman itacen girki ba sa taɓa su.

Da kaka ta kama, ruwa bai ɗauke ba, danshi ya fara taɓa buhunan masarar Abdulkahar. Wata safiya ya ja amalanke ya je ya ɗora katakon. Modibbo, wani dattijon makiyayi, yana shayar da shanu a wurin.

"Malam Abdulkahar, ai wannan na masu ceto ne," in ji Modibbo.

"Ceton wa? Wa suka taɓa ceta?"

"'Yata Habiba, bara, da maciji ya sare ta. A kan katakon nan suka haye da ita."

"To ba su sandarka su taka," in ji Abdulkahar, ya kaɗa amalankensa.

Da ya isa gida ya sa zarto ya yanka su gida shida, ya jera a zaure, ya ɗora buhuna a kai. Har yaba wa kansa yake yi wai ya yi dabara.

Kwana tara bayan haka, da hantsi, matarsa Saliha ta haihu, sai jini ya ɓalle mata. Ungozoma Tasalla ta yi iya yinta, ta fito hannu duk jini ta ce, "Maigida, wannan ya fi ƙarfina. A kira mota." Ya ruga tudu ya buga waya, ba sallama ba roƙo, sai ihu da zagi. Ranar ko jiran jami'an tsaro Obed da Mercy ba su yi ba, suka sa rayuwarsu a hannun Allah suka shigo daji.

Suna isa kwarin, babu katako. Obed ya duba gindin ɗorawa, ya duba cikin ciyawa, babu. Sai suka saɓi gadon ɗaukar mara lafiya da jakar magani suka kama gudu a cikin taɓo, tafiyar kusan rabin awa.

Abdulkahar ya tare su a ƙofar gida ya shaƙe wuyan rigar Obed. "Ina motar? Sai yanzu? Marasa imani, so kuke ta mutu!"

Obed yana haki ya ce, "Malam, mota na bakin kwari. Wani ya ɗauke katakon."

Hannun Abdulkahar ya saki rigar. Mercy ba ta tsaya ba, ta shige ciki ta ɗaura wa Saliha ruwa, aka ɗora ta a gado. Suna fitowa ta zaure idon Obed ya sauka a kan jan fenti a ƙarƙashin buhuna. Ya dubi katakon, ya dubi mai gidan. Ya gyara riƙon gadon ya ce, "Mu je."

Suka yi ta sauri, Obed da wani maƙwabci na ɗauke da gadon, Abdulkahar na biye, Mercy na gefe riƙe da ledar ruwa sama tana kiran sunan Saliha don kada ta yi shiru. Sun gangara cikin kwarin, ga mota can a tsallake ana ganinta, Saliha ta cika.

Mercy ta juyo wajen Abdulkahar cikin fushi, hawaye na zuba. "Rai na Allah ne, Malam. Amma awa guda muka ɓata a ƙasa, kuma ka san wanda ya cinye ta. Kullum kana cewa gawa muke ɗauka. To yau ka sa mun ɗauka."

Su ɗin dai da ya zaga, su suka kama gadon suka mayar masa da matarsa gida. Bayan kwana uku aka ga Abdulkahar ya turo amalanke bakin kwari shi kaɗai. Ya sauke guntayen katakon nan shida yana gwada su ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya kai ko rabin faɗin kwarin.

Darasin wannan labari a fili yake. Masu aikin ceto mutane ne irinmu, suna da iyali, suna jin tsoro, amma suna shiga inda kowa ke gudu don su tsamo ran wani. In sun makara, ka tambayi abin da ya tsare su kafin ka buɗe baki. Ka girmama su, ka tsare musu kayan aikinsu, ka gyara musu hanya tun kana lafiya. Wanda ya sare gadar mai ceto, ranar da ya yi kira shi ma a bakin kwari za a tsaya.