Kurege da Tarin Kara

An yi wani zamani, tun gyaɗa tana gyaɗa, ba irin ta yanzu da ake ƙulle mana a leda ba. Ku yara ba ku riski wannan daɗi ba. Ni na riska, shi ya sa har yau fatata take sheƙi.

A bakin wata gona akwai maƙwabta biyu: Kurege mai ji da ƙwaƙwalwarsa, da Gafiya mai son tsari. Da manomi ya cire gyaɗarsa, sai suka shiga kala. Duk abin da Gafiya ta samo, rami guda take kai shi kafin ta huta. Kurege kuwa inda ya tsinta, nan kusa yake binnewa a gindin tarin kara, ya wuce wasa.

Gafiya ta ce, "Malam Kurege, wannan binne-binnen fa? Ka tara su wuri ɗaya mana."

"Haba Goggo! Ni ne zan yi ta kai-kawo da kumatu a kumbure kamar mai ciwon haƙori? Kowace ajiya tawa tana gindin tarin kara. Ga su can a tsaye, ko da ido ɗaya na gane su."

"Karan nan naka ne?"

"Ina ruwana da mai shi? Ke dai ki ji da raminki mai warin ƙasa."

Bayan kaka, manomi ya zo da amalanke ya kwashe karansa kaf don ya yi danga. Shanu suka biyo baya suka tattake wurin. Gona ta koma fili fetal.

Rani ya tsananta, 'ya'yan Kurege suka fara kukan yunwa. Ya tona nan, ya tona can, har faratansa suka dakushe. Ko ɓawo bai gani ba.

Sai ya nufi ƙofar Gafiya yana huci. "Goggo, an zalunce ni! An yi mini sata da rana tsaka!"

"Subhanallahi! Gyaɗar aka sace?"

"A'a, gyaɗa tana nan."

"To, je ka ci mana."

Kurege ya sunkuyar da kai ya ce, "Ai karan aka sace, na kasa gane wurin." Gafiya ta yi dariya har da hawaye, sannan ta ɗebo masa. "Ungo. Don yaran na ba ka, ba don ƙwaƙwalwarka ba."

Da ruwan farko ya sauka, ajiyar Kurege ta tsiro ko'ina a gonar. Manomi ya yi ta hamdala, ga gyaɗa ba shi ya shuka ba. Kurege ya miƙe kan ƙafafunsa na baya yana kallo, baki buɗe. Har gobe haka za ku gan shi a bakin gona.

Darasin wannan labari shi ne, ku ware wa kowane abu wurinsa, ku kai shi can tun yana hannunku, kada ku ce ai za ku tuna. Wanda kuma ya ɗauke mini hula daga inda na tabbata na ajiye ta, ya dawo da ita kafin raina ya ɓaci.