Muryar Bayan Labule

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani birni na bakin teku, tun zamanin da ba a san lasifika ba. Sunansa Munzir, sana'arsa waƙa. Na ga wasunku sun gyara zama, wai yau malam ya kawo mana mawaƙi. Ku dai saurara.

A birnin akwai wani ƙaton zaure da ake wasan da suke kira opera. Labari ne guda, amma komai da waƙa ake faɗinsa, ko mutuwa mutum zai yi sai ya rera tukuna. Murya tsurarta ce za ta cika zauren, har can sama inda talakawa ke zama. A al'adarsu kowane babban mawaƙi yana da madadi, wanda zai haddace waƙoƙin duka, ya tsaya bayan labule ko da wani abu zai faru. Munzir shi ne madadin babban mawaƙin zauren, Safwan, shi kuwa Safwan ko mura ba ya yi. Haka Munzir ya yi furfura a bayan labule. Masu shara da ke jin gwajinsa da safe sukan ajiye tsintsiya su tsaya cak, sun ce in ya ɗaga murya sai ka ji ta a ƙirjinka kafin kunnenka. Safwan ma ya sani, shi ya sa da ka kawai yake amsa gaisuwarsa.

Ran nan zaure ya cika maƙil. Safwan ya kai wurin da kowa ke jira, inda murya ke hawa ƙololuwa. Ya buɗe baki, babu abin da ya fito. Mutanen birnin kuwa ba su san tausayi ba: mawaƙin da muryarsa ta karye, da ihu da jifa suke raka shi gida, kuma ba ya dawowa. Ƙa'ida ita ce a sauke labule, a sanar, madadi ya fito. Ranar da Munzir ya tsufa yana jira ke nan.

Ku saurara, jama'a. Bai fito ba. Daga inda yake tsaye ya ɗauki waƙar, kuma ba da tasa muryar ba. Ya rage mata ƙarfi, ya sa mata 'yar rawar nan ta tsufa da aka san Safwan da ita. Safwan na motsa baki, murya na fitowa. Zaure ya miƙe da tafi, ana ta jefa wa Safwan furanni.

Da aka tashi, Safwan ya same shi, da ƙyar yake raɗa: "Me ya hana ka yi da taka? Da yau duniya ta san ka."

Munzir ya ce, "Ranka ya daɗe, da tawa ce, da an gane ba kai ba ne."

Safwan ya yi ritaya da mutuncinsa. Masu zauren suka ɗauko wani saurayi daga wani gari, Munzir ya koma madadinsa. Ya rasu ba a taɓa tafa masa ba. Sai wurin jana'izarsa tsoho Safwan ya tashi ya faɗi abin da ya faru.

To, wannan shi ne rufin asiri: ka rufa wa ɗan'uwanka a ranar da tonuwarsa ce ribarka. Mu kuwa, liman ya yi tuntuɓe a aya, kafin a yi sallama labari ya kai kasuwa. Mutum ya faɗi a titi, hannu goma sun miƙo, kowanne da waya. Gobe abokin aikinka zai buɗe baki a gaban jama'a, maganar ta ƙi fitowa, kai kuma tana bakinka. Ka san abin da ya kamata. Allah Ya rufa mana asiri duniya da lahira.