Ramin da Hajjo Ta Kai wa Alƙali

An yi wata mai daddawa, Hajjo, mace mai bakin tsiya. Wata rana Ɗanjuma, ƙanin matar alƙali, ya huda katangarta ya ja akuyarta. Ta kai ƙara.

Alƙali ya ce, "Fasa katanga shekara ce a gidan yari, amma sai da shaida. Gobe ki kawo mini ramin, in ba haka ba ki sha bulalar ƙazafi."

Gari na wayewa Hajjo ta saɓi diga, ta je ta huda katangar gidan alƙali. Ya fito babu ko rawani.

"Ke tsohuwar nan, haukacewa kika yi?"

"Allah ya gafarta Malam, ramin Ɗanjuma ne na ɗauko. Nauyi ya yi mini, na jingine shi a katangarka."

"Ƙarya kike! A gidan uban wa ake ɗaukar rami?"

"To, maimaita da ƙarfi, maƙwabta su ji. In ana ɗauka, ga shaida. In ba a ɗauka, sa takalminka mu je ka gan shi inda yake."

Kafin azahar akuya ta koma turkenta, Ɗanjuma kuma yana kwaɓa ƙasar toshe ramuka biyu kafin a wuce da shi.