Akwatunan Dam da Suka Yi Shiru

Ku gyara zama. Ga wata magana na kawo muku, idan na kai aya ku za ku yanke.

Akwai wani dam a ƙasar nan, ba sai na faɗi sunansa ba, wanda ƙauyuka da gonakin shinkafa ke kwance a ƙarƙashinsa. A jikin bangonsa an kafa wasu ƙananan akwatuna masu auna tsayin ruwa, suna aika awon ta kebul zuwa ɗakin masu buɗe ƙofofi. Irin wannan sadarwa ta kebul ita ake kira Etanet. Wanda ya ƙera akwatunan wani dattijo ne, Injiniya Barau, kuma yana da ma'aikata uku da ya horar da hannunsa: Nazifi da Ummita da Jazuli.

Da damina ta sauka sai akwatunan suka tsiri wani hali. Fitilarsu tana ci, amma saƙo ya ɗauke, sai an je an kashe an kunna. Wata rana suka yi shirun nan ana tsakiyar ruwa, masu ƙofa ba su ankara ba sai da dam ya kusa tumbatsa. Dole suka buɗe ƙofofin gaba ɗaya. Ruwa ya shafe shinkafar mutane, ya tafi da awaki, wata tsohuwa ma a kan rufin ɗaki aka ɗauko ta. Ga marka na tafe, ga Injiniya Barau a asibiti an yi masa aikin ido. Ya aiko musu da cewa, "Ina zargin direba. Ku nemo laifin kafin ruwan Agusta."

Direban nan ba na mota ba ne. Manhaja ce da ke magana da 'yar ƙwayar lantarkin da ke karɓar saƙo tana aikawa. A cikin ƙwayar akwai wani gurbi da ake kira rajista, mai ɗauke da alamomi kamar tutoci. Idan saƙo ya iso, ƙwaya ta ɗaga tuta guda. Idan layi ya katse, ta ɗaga wata. Direba ya gani, ya yi aikin, ya sauke tutar.

Abin da ya fara ɗaure musu kai shi ne a ɗakin gwaji akwatunan lafiya lau suke. Nazifi ya ce ba a maganin ciwon da ba a gani ba. Ya tattara kayansa ya koma bakin dam, yana kwana a ɗakin masu gadi, sauro na ci, har zazzaɓi ya kayar da shi ya tashi. A can ya lura cewa shirun ba ya zuwa sai an yi tsawa ko an sauya wuta zuwa janareta, wato sai layi ya ɗan katse daidai lokacin da saƙo ke shigowa. Ya dawo ya haɗa wata na'ura mai yanke kebul tana mayarwa ana cikin turo saƙonni. Nan take akwatin gwaji ya yi shiru a gabansu, kuma duk sanda suka so sai ya sake yi.

Sai Ummita ta karɓa. Ta bi rubutun direban layi-layi, tana gwada tutocin rajista ɗaya bayan ɗaya a kan na'urar Nazifi, har ta kama shi. Ashe idan direba ya gama da tutar katsewar layi, ba ita kaɗai yake saukewa ba, duk tutar da ya tarar a tsaye sharewa yake yi. Idan saƙo ya iso a wannan ɗan tsakanin, sai tutarsa ta sauka ba a karɓe shi ba. Ƙwaya tana jiran a kwashe saƙo, direba yana jiran tuta, kowa ya zuba wa ɗan'uwansa ido. Ta gyara, ya zama direba ba ya sauke tuta sai wadda ya yi aikinta. Aka gwada, aka sake gwadawa, akwati bai ƙara yin shiru ba.

Suka yi murna, shugaban dam yana ta bugo waya a zo a ɗora gyaran. Jazuli ya ce a dakata.

"Dakatawar me kuma?" in ji Nazifi. "Ba ka ga hadari ba?"

"Na gani. Akwatunan da ke kusa da ƙofofi da tsohuwar ƙwaya aka yi su. A kan sabuwa kawai muka gwada."

Ummita ba ta ji daɗi ba, har aka fara raɗe-raɗin hassada ce ke damun Jazuli. Bai kula ba. Ya tono wani tsohon akwati a sito, ya ɗora masa gyaran, akwatin ya ɗauke ɗif, ko an kashe an kunna ba ya aika komai. A tsohuwar ƙwaya jerin tutocin daban yake, wurin da gyaran ke taɓawa shi ne makunnin aika saƙo. Da an ɗora haka, da akwatunan da aka fi dogara da su sun mutu rana ɗaya. Jazuli ya ƙara wa direba dabarar tambayar ƙwaya wace iri ce kafin ya taɓa rajistarta. Lokacin ruwa ya riga ya cinye hanyar mota, a kwalekwale ya bi akwatunan ya ɗora musu gyaran.

Marka ta zo da ruwan da ya fi na farko, da tsawa da ɗaukewar wuta. Akwatunan ba su yi shiru ba. Masu ƙofa suna ganin awo, suna sakin ruwa kaɗan-kaɗan, aka sanar da ƙauyuka da wuri. Ko kaza ba a rasa ba.

Injiniya Barau ya fito daga asibiti, amma idon bai koma yadda zai iya karanta allon kwamfuta ba. Ya tara su ya ce zai ajiye aiki, kuma masu dam sun ce mutum ɗaya suke so, wanda ba za a ɗora wa akwati komai ba sai da amincewarsa, wanda kuma shi za a tuhuma idan abu ya ɓaci. Ya ce, "Da Nazifi bai kamo ciwon ba, da Ummita ba ta ga abin dubawa ba. Da ba ta gano tushensa ba, da Jazuli ba shi da abin gwadawa. Da shi kuma bai tsaya kai da fata ba, da maganin ya fi cutar ɓarna." 

To, ku da ke zaune nan, wa za ku damƙa wa akwatunan dam ɗin a cikin su ukun?