Kurege da Rigar Biyan Kaɗan-Kaɗan

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

To ku matso. Kai Tanimu, janye ƙafarka daga wutar nan.

Giwa ce ta haihu, aka sa ranar suna. Kurege ya ji za a yi rabon nama, sai dai ba shi da rigar shiga mutane. Ya tafi wajen Bushiya tela, wadda allurarta ke bayanta.

Ya maƙale murya: "Gwaggo Bushiya, riga da wando nake so, mai aiki a wuya."

Ta ce, "Buhun gyaɗa."

Ya ce, "Haba Gwaggo! Wa ke biya gaba ɗaya yanzu? Kaɗan yau, kaɗan gobe, kaɗan in an kwana biyu."

Ta dube shi ta gefen ido, ta ce, "Na yarda, ɗan nan."

Ya kawo tafin gyaɗa. Ta miƙo masa wuyan riga.

"Ina sauran?"

"Kaɗan yau, kaɗan gobe."

Ya sake kawo tafi guda, ya ci rabi a hanya. Ta miƙo hannun dama.

"Gwaggo, wando fa?"

"In an kwana biyu."

Ranar suna ta zo. Kurege ya yi sammako, ya haƙa rami a ƙofar gidan Giwa, ya shige, ya bar wuya da hannun dama a waje. Kowa ya zo sai ya miƙa hannu: "Barka da arziki, barka da arziki."

Kura ta ce, "Kai, wannan aiki! Tashi mu ga rigar mana."

Ya ce, "Ƙafa ke ciwo, Yaya."

Aka kawo tiren nama, aka ajiye can nesa. Ya miƙa hannu, bai kai ba. Ya ƙara miƙawa, bai kai ba. Ya ga Kura ta kai loma ta uku, sai ya yi wuf ya fito!

Ga shi tsirara, daga wuyan riga sai hannu guda. Nan take dariya ta ɓarke, har Giwa mai jego ta leƙo.

Kurege bai gudu ba. Ya cika baki da nama, ya juya gaba, ya juya baya, ya ɗaga murya: "Ɗinkin Gwaggo Bushiya ne! Duk mai so, ga ta can zaune!"

Mata suka fara kallonta. Barewa ta ce, "Af, haka take ɗinki? Gobe zan karɓo yadina."

Bushiya ta ruga gida, ta dawo da sauran riga da wando, ta jefa masa: "Sa, ɗan banza, kafin ka kashe min kasuwa!"

Ya sa a tsanake, ya ce, "Na gode, Gwaggo. Gyaɗarki kuwa, kaɗan yau..."

Har yanzu bai gama biya ba. Shi ya sa in ya fito bakin rami sai ya miƙe tsaye ya duba ko tana tafe. Daga nan biyan kaɗan-kaɗan ya samo asali, su Turawa daga baya suka ji labari suka raɗa masa nasu sunan.

Ƙurunƙus kan kurege. Duk wanda zai sayi kaya da kaɗan-kaɗan, ya fara karɓar wando.