Maharbin da Ya Ɗura wa Kibiyoyinsa Dalma

Akwai wani mutum, manomi ne, kuma yana taɓa farauta. Ya iya baka, ba laifi. Bai dai kai ni ba, don ni a zamanina kafin in harbi zabo sai na tambaye shi ta wane ido yake so. Amma mu bar wannan, ba labarina kuka zo ji ba.

A shekarar nan ruwa ya ɗauke da wuri. Dawa ta bushe a tsaye, gero ko kai bai fid da ba. Abin da ya rage wa mutumin nan da matarsa Rifkatu da 'ya'yansu huɗu shi ne 'yar gonar rogo a bakin fadama. In rogon ya tsira, su ga baɗi. In bai tsira ba, to, sai yadda Allah ya yi.

Sai ga wani tsohon gadu, ƙato, fata kamar kirgi. Kullum da hantsi zai fito da iyalinsa, su tone kunya biyu ko uku, su koma daji. Mutumin ya yi masa kwanto, ya sakar masa kibiya a haƙarƙari. Kibiyar ta taɓa fata ta faɗo. Gadun ya goga wurin a jikin itace, ya ci gaba da karyawa.

Mutumin ya kwashi kibiyoyinsa tara, ya kai wa Baba Ishaya, maƙerin da ya ƙera masa kawunansu. Tsohon ya ce ba su da nauyi, shi ya sa ba sa huda fata. Ya ba shi curin dalma, irin wadda masunta ke ɗaura wa raga, ya nuna masa yadda ake yi: a zare ƙarfen daga kyauro, wato karan kibiyar, a tura dalma kamar ƙwayar wake cikin ramin karan, a mayar da ƙarfen, a naɗe da jijiya.

Ya ce, "Amma ka ji ni, ɗana. Ƙwaya ɗaya tak. In ka sa, ka ɗora kibiyar a yatsa ka ga inda ta rinjaya. Sa'an nan ka fita fili ka yi ta harbin kututture har hannunka ya saba. In ka ƙara mata nauyi, ba kibiyar da ka sani ba ce kuma."

Mutumin ya koma gida, ya zauna a rumfa, ya sa ƙwaya ɗaya. Sai ya tuna kaurin fatar nan, ya ƙara ta biyu. Rifkatu ta dawo daga fadama ta ce an sake cinye kunya uku, ya ƙara ta uku. Ya ji autarsu tana kukan yunwa a ɗaki, ya ƙara ta huɗu. Haka ya yi ta ɗurawa yana dannawa da tsinke, har kyauron ya fara ƙara. Ya gama da wannan kibiya ya ɗauki waccan.

Da ya kai ta ƙarshe, Rifkatu ta ce, "Maigida, ka bar ko ɗaya yadda take mana."

Ya tambaye ta ko ta taɓa jan tsirkiya tunda aka haife ta. Ta koma bakin murhu.

Gwaji kuwa bai yi ba. Filin da ake harbin kututture yana dab da inda maza ke zaman hira, kuma tun ranar nan in ya wuce sai su ce, "Sarkin baka, gadu ya aiko a gode maka da susa." Ina zai tsaya gabansu yana koyon harbi da furfura a gemu? Ya dubi kibiyoyin, ya ga daga waje ba abin da ya canja. Ya zuba su a kwari, ya ce hannunsa ya san aikinsa.

Washegari da hantsi gadu ya fito, taku talatin tsakaninsu. Mutumin ya auna yadda ya saba aunawa shekara ashirin, ya saki. Kibiyar ta yi taku goma, ta sunkuya ta caki ƙasa. Ya ɗaga hannu sama ya saki ta biyu, kyauron ya tsage a wuya, ƙarfe ya faɗi nan, kara ya yi can. Ta uku ta yi hagu. Ya yi ta saki har ya laluba kwari ya ji wayam.

Ya ɗauki hoge ya jefa yana ihu. Gadun ya ɗago, ya juyo da haurensa. Mutumin ya yar da baka ya haye kanya. Daga kan reshe ya ga ƙarshen gonarsa, kunya bayan kunya, har rana ta yi tsaka.

Rifkatu ta zo da kwando ta tsinci guntayen da aka bari. Bai kai rabi ba. Ya so ta zage shi ko ya ji sauƙi. Sai kawai ta tattara masa kibiyoyin ta miƙa masa, ta ɗauki kwandonta. Kafin bazara an rarraba 'ya'yan gidajen dangi. Bakan yana rataye a bango har gara ta cinye shi.

To, 'yan'uwa, ma'anar wannan misali ita ce, kibiyar nan zuciyarka ce, dalmar kuwa damuwa. Ƙwaya ɗaya tana da amfani, ita ke tashe ka ka ɗauki fartanya, ita ke durƙusar da kai gaban Ubangiji. Amma mu ba ma tsayawa a ɗaya. Mu ji labari mu ƙara, mu tuna wani abu mu ƙara, muna dannawa ciki muna naɗewa da murmushi. Ran Lahadi ga mu da wankakkiyar riga, a gaishe mu mu ce lafiya lau. Ba mai ganin dalma, tana ciki.

Yatsan nan Maganar Allah ce, filin gwajin kuwa 'yan'uwanka ne. Kunya ke hana mu zuwa, kada a ce dattijo guda yana neman a yi masa addu'a. Sai ranar da gadu ya tsaya gabanka, ka buɗe baki za ka yi addu'a, ka ji ta faɗi nan gaban ƙafarka.

Na ga kuna waige kuna neman mutumin. Ku daina. Wanda duk ya shigo yau da nauyi a ƙirji, kada ya koma da shi gida. Ga dattawa nan, ga fasto. A yi maka dariya a fili ya fi ka yi kallo daga kan kanya.

Ni ma fa, zabon nan da na ce muku, na daɗe ban same shi ba.